Taswirar ƙoda ta KPMP a idon mai duba naman ƙoda

Aikina duba nama ne a ƙarƙashin maikuroskof. Likitocin ƙoda ne ke soka allura su ciro, ni kuma a kawo mini a 'yar kwalba cikin fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, in yanka, in rina, in duba, in rubuta abin da na gani. Likitoci masu neman ƙwarewa da nake koyarwa sun sha tambayata ko Kidney Tissue Atlas ɗin nan na KPMP, shafin intanet mai taswirar sel ɗin ƙoda da nake yawan buɗe musu a aji, ya cancanci mutum ya kashe lokacinsa da datarsa a kai. Eh, ya cancanta. Cikin abubuwan da ake samu kyauta a yau, babu wanda ya kai shi amfani a wurina wajen fahimtar abin da ke faruwa a cikin ƙoda mai ciwo. Amma akwai inda amfaninsa ya tsaya, kuma mu da ke aiki a wannan yanki ya kamata mu fi kowa sanin wurin.

KPMP gajarta ce ta Kidney Precision Medicine Project, shirin da cibiyar NIDDK ta hukumar binciken lafiya ta Amurka, wato NIH, ta fara ɗaukar nauyinsa a 2017. Jami'o'i da asibitoci da dama ne suka haɗu a kai, ciki har da Michigan da Indiana da Johns Hopkins da Yale da Jami'ar Washington ta St. Louis. Abin da ya bambanta shi da sauran bincike shi ne irin mutanen da ya nema. Mai ciwon ƙoda na suga ko na hawan jini, da wanda ƙodarsa ta tsaya farat ɗaya yana kwance a asibiti, galibi ba a yi musu bayofsi, wato ciro ɗan nama da allura don dubawa, domin likita ya riga ya ɗauka ya san musabbabi. Su ne kuma suka fi yawa cikin masu ciwon ƙoda a duniya. Shirin ya roƙi irin waɗannan mutane su yarda a ciri namansu don bincike, alhali an gaya musu cewa mai yiwuwa su kansu ba za su ci moriyar sakamakon ba.

Wannan ba ƙaramar sadaukarwa ba ce. Ƙoda gaɓa ce mai jini sosai, kuma cikin mutum 100 da aka yi wa bayofsi akan samu 1 ko 2 da za su zubar da jini har a buƙaci ƙara musu. Duk sanda na buɗe shafin nakan tuna wa ɗalibaina cewa da yawa daga abin da suke gani a allo daga jikin wani bawan Allah ya fito, wanda ya kwanta rub da ciki, ya riƙe numfashi, aka soka masa allura ta baya. Shirin ya sanya marasa lafiya cikin kwamitocinsa suna da ta cewa a kan yadda ake tafiyar da shi, kuma ina ganin wannan yana cikin abubuwan da suka sa mutane suka amince.

Tun da Iversen da Brun suka wallafa hanyar ciro naman ƙoda da allura a Denmak a 1951, Kark da Muehrcke kuma suka gyara ta a Shikago a 1954, abin da muke yi da naman bai canza sosai ba. Mu duba siffarsa da rini, mu nemi garkuwar jiki da ta taru a matatun jini da hasken fuloresens, in da hali mu duba da maikuroskof na lantarki. Duk siffa muke karantawa. Nakan iya ce wa likita kashi 30 cikin 100 na naman ya zama tabo, bututu sun shanye, matata kaza cikin kaza sun mutu. Abin da ba zan iya gaya masa ba shi ne me sel ɗin da suka rage da rai suke yi a wannan lokaci, suna warkewa ne ko suna kan hanyar zama tabo su ma. Mutum biyu za su zo da gilashi iri ɗaya a idona, ɗaya ya shekara goma lafiya, ɗaya ya fara wankin ƙoda cikin shekara biyu.

An daɗe ana auna RNA, saƙon da ƙwayar gado ke fitarwa idan tana aiki, a naman ƙoda don sanin waɗanne ƙwayoyin gado ne ke aiki, sai dai a da ana narkar da naman ne gaba ɗaya a auna a dunƙule. Kamar a kai gero da dawa da masara da wake inji a niƙa su tare, sannan a ce ka ɗanɗani garin ka faɗi wanne ne ƙwari suka ci. Sabuwar hanyar tana tsince su ne ɗai-ɗai kafin niƙa. Ana warware naman har sel su rabu da juna, a tura su ta wata siririyar hanya a cikin na'ura, kowane sel ya shige cikin ɗigon ruwa da mai ya kewaye, tare da wani ɗan ƙwallo mai ɗauke da lambar shaida tasa shi kaɗai. A cikin ɗigon sel ya fashe, duk RNA ɗinsa ya samu wannan lamba, saboda haka ko an haɗe su daga baya an karanta, kwamfuta za ta mayar da kowane saƙo ga sel ɗin da ya fito. An fara karanta RNA na sel guda a 2009, hanyar ɗigo ta fito a 2015, na'urar Chromium ta kamfanin 10x Genomics kuma ta sa abin ya yaɗu a ɗakunan bincike. A 2018 ɗakin binciken Katalin Susztak a Jami'ar Pennsylvania ya wallafa a mujallar Science taswirar ƙodar ɓera daga sel sama da 57,000. A watan Yulin 2023 kuma Blue Lake da abokan aikinsa na KPMP da HuBMAP, wani shirin NIH na taswirar sel ɗin jikin mutum, suka fitar a mujallar Nature da ta ɗan Adam: sel da cibiyoyin sel sama da 400,000, daga ƙoda 45 masu lafiya da 48 masu ciwo, inda suka rarrabe manyan nau'o'in sel 51 da yanayi 28 da sel kan shiga idan ya ji rauni. A kan wannan aiki aka gina yawancin abin da mutum zai gani a shafin, kuma ana ci gaba da ƙara bayanai.

Shafin yana da ƙofofi uku da na fi shiga. Ta farko, Explorer, ita ce ta kowa da kowa, kuma ita na fi so. Ba ta buƙatar ka iya rubuta lambobin kwamfuta. Ka rubuta sunan ƙwayar gado, sai ta nuna maka wani hoto mai tarin ɗigo-ɗigo, kowane tari nau'in sel ne, inda ƙwayar gadon ke aiki ya canza launi. A ƙasa akwai jadawali mai nuna kashi nawa na sel ɗin kowane nau'i ne ke ɗauke da saƙon da kuma ƙarfinsa, kana kuma iya ware naman masu lafiya da na masu daɗaɗɗen ciwo da na waɗanda ƙodarsu ta tsaya farat ɗaya.

Ga yadda nake amfani da ita a aji. Nakan ce wa ɗalibi ya rubuta SLC12A1. Tari ɗaya zai haska, na ɓangaren bututu mai kauri da ke hawa daga lanƙwasar Henle. Sai in ce masa, to ga inda Lasix ɗin da kake rubuta wa masu kumburi kullum yake aiki. Ya rubuta SLC12A3, wani tarin daban ya haska, can gaba a bututun, ga inda magungunan tayazaid na hawan jini ke kamawa. Ya rubuta UMOD, ya ga sel ɗin da ke yin furotin ɗin Tamm da Horsfall, wanda shi ne ginshiƙin ƙananan sandunan nan da yake gani a gwajin fitsari. NPHS2 kuma ya kai shi wani ɗan ƙaramin tari a gefe, na fodosait, sel masu yatsu da ke rungume da jijiyoyin matata, waɗanda in suka lalace furotin ke tsiyaya cikin fitsari har ya yi kumfa. Shekara da shekaru ina zana wannan a allo da alli ɗalibai suna haddacewa don jarrabawa su manta. Da suka fara rubuta sunayen da hannunsu suna ganin wurin yana haskawa, sai na lura tambayoyinsu sun canza. Wata ta tambaye ni me ya sa SLC5A2, ƙofar da magungunan suga dapagliflozin da empagliflozin ke toshewa, take a ɗan farkon bututu kawai amma maganin ke kare ƙoda baki ɗaya. Tambaya ce mai kyau ƙwarai, kuma masu bincike a Michigan da Colorado sun bi ta da irin wannan hanya a 2023 a kan matasa masu ciwon suga, suka ga sauyin da maganin ke kawowa ya bazu zuwa sassan bututun da ba su da wannan ƙofa.

Inda taswirar ta fi taɓa aikina kai tsaye shi ne batun bututun farko da ya ji rauni. Wannan ɓangare shi ke yin aiki mafi nauyi a ƙoda. Cikin kusan lita 180 da matatu ke tacewa a rana, shi ke mayar da kusan kashi biyu cikin uku na ruwa da gishiri cikin jini, don haka yana cin iskar oksijin da yawa, kuma shi ke fara faɗuwa idan jini ya yi ƙasa ko guba ta shigo. Mun daɗe da sanin yana iya farfaɗowa. Abin da aikin sel ɗai-ɗai ya fito da shi fili shi ne cewa wasu sel ɗin ba sa komawa yadda suke. Sukan daina yin aikinsu na asali, su kunna ƙwayoyin gado VCAM1 da HAVCR1, su riƙa fitar da sinadaran da ke kiran sel ɗin garkuwa da masu yin tabo. Ɗakin binciken Benjamin Humphreys a St. Louis ya bayyana su a ɓera a 2020 a matsayin sel ɗin da gyaransu ya gaza, taswirar KPMP kuma ta same su a mutane, a bututun farko da kuma ɓangare mai kauri na Henle, ta nuna suna zaune kusa da wuraren da tabo ke tasowa. Da aka gwada alamominsu a kan wani rukunin marasa lafiya na binciken NEPTUNE, waɗanda alamar ta fi yawa a namansu sun fi saurin rasa aikin ƙoda.

Ni wannan ya canza mini yadda nake kallon gilashi. A da idan na ga bututu ya ɗan baje, gashin bakinsa ya zube, nakan rubuta rauni mai sauƙi in wuce zuwa matatu, domin a can ake samun sunan cuta. Yanzu nakan tsaya, in duba abin da ke kewaye da bututun, in faɗa wa likita yawan wurin da abin ya shafa ko da tabo bai riga ya bayyana ba. Ban sayi wata na'ura ba, idona ne aka nuna wa inda zai ƙara dubawa.

Ƙofa ta biyu, Spatial Viewer, tana nuna hoton yankan naman kansa, wasu da rini irin namu, wasu kuma an ɗora musu bayanan RNA ko furotin a daidai wurin da suke. Tana cike wani giɓi na gaske, domin da zarar an warware nama zuwa sel ɗai-ɗai an rasa sanin wa ke maƙwabtaka da wa. Sai dai a sani cewa a hanyar Visium ta asali, ɗaya daga hanyoyin ɗora RNA a kan hoton, kowane ɗigo faɗinsa maikuromita 55 ne, wanda ya isa ya rufe sel da dama, don haka abin da kake gani gauraye ne na 'yar unguwa, ba sel guda ba. Hotunan suna da nauyi. A waya ba na ba da shawara, a kwamfuta ma sai da sabis mai ƙarfi, ni kan bari sai dare. Ƙofa ta uku, Repository, ta masu son sauke bayanan ne su sarrafa da kansu. Wasu a buɗe suke, waɗanda kuma za su iya tona asirin mai nama sai an sa hannu a yarjejeniya ta hannun cibiyar da mutum ke aiki, kuma hakan daidai ne. Wanda bai iya manhajar R da Seurat ba, ko makamancinsu, ba zai amfana da wannan ƙofa sosai ba.

Yanzu ga abubuwan da nake jan kunnen ɗalibai a kansu, domin hoton yana da kyau har yakan sa mutum ya yarda da shi fiye da kima.

Sel ɗin da ka gani su ne waɗanda suka tsira daga warwarewa. Fodosait da sel ɗin da ke maƙale cikin tabo ba sa fita da sauƙi, masu rauni kuma sukan mutu a hanya. Sinadarin narkarwa da ake amfani da shi a zafin jiki, digiri 37, shi kansa yana tayar wa sel hankali ya kunna ƙwayoyin gado FOS da JUN, mai karatu ya ɗauka ciwo ne. Saboda haka ne wasu masu bincike a Cincinnati a 2017 suka koma ga wani sinadari mai aiki cikin sanyi, wanda aka samo daga ƙwayar bakteriya ta ƙanƙarar tsaunin Himalaya. Wasu kuma suka bar sel ɗin suka koma ciro cibiyarsa kaɗai daga daskararren nama, hanyar da Wu da Humphreys suka nuna a 2019 cewa tana kamo fodosait ninki da yawa. Ita kuma tana da nata rashi, ba ta kamo sel ɗin garkuwa da kyau. Abin yabo ne cewa shafin ya ajiye hanyoyin biyu kowace daban, mutum ya duba nan ya duba can. Idan suka saɓa, kada ka zaɓi wadda ta yi daidai da ra'ayinka. Kuma kada ka ƙirga ɗigo ka ce kashi kaza na ƙoda sel kaza ne.

Rashin ganin saƙo a sel ba ya nufin babu shi, domin na'urar tana kama kaso ne kawai na RNA ɗin da ke ciki. Ganin RNA kuma ba ya tabbatar da cewa an yi furotin. Sannan akwai tarkon da na ga ya fi kama masu rubuta kundin digiri: sel dubu goma daga mutum biyar ba mutum dubu goma ba ne, mutum biyar ne. Lissafi zai iya ba ka lamba mai ban sha'awa alhali bambancin daga mutum ɗaya ya fito. Naman da allura ke cirowa ma ɗan zare ne da bai wuce santimita ɗaya ko biyu ba, daga gaɓar da ke da matatu kusan miliyan ɗaya, kuma ciwo ba ya bin ƙoda bai ɗaya.

Babbar damuwata ba ta fasaha ba ce. Ƙodojin da ke cikin taswirar nan na mutanen Amurka ne, yawancinsu manya masu suga da hawan jini. Waɗanda ake kawo mini namansu kuwa da yawa matasa ne da yara masu kumburin jiki da fitsari mai kumfa, masu sikila, masu ciwon hanta nau'in B, masu ƙanjamau, matan da jini ya tsinke musu wurin haihuwa, da waɗanda suka daɗe suna shan maganin ciwon jiki ko jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba. Ba laifin shirin ba ne, bai taɓa cewa don mu aka yi shi ba. Amma wanda ya ɗauki abin da ya gani a can ya ɗora kai tsaye a kan majinyacin da ke gabansa a nan, ya yi gaggawa.

Ɗauki APOL1. A 2010 Genovese da abokan aikinsa suka nuna cewa nau'i biyu na wannan ƙwayar gado, G1 da G2, waɗanda ke ba da kariya daga wani nau'in ƙwayar ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, su ne ke bayan yawan ciwon ƙoda a baƙaƙen fatar Amurka. Asalinsu Afirka ne, kuma a Afirka ta Yamma suka fi yawa. Binciken H3Africa da aka yi a Gana da Najeriya a kan mutum sama da 8,000, wanda ya fito a New England Journal of Medicine a ƙarshen 2024, ya samu kusan kashi 30 cikin 100 na mahalarta da kwafi biyu, kashi 43 kuma da kwafi ɗaya, ya kuma nuna ko kwafi ɗayan ma yana ƙara haɗari. Har an fara gwajin magani, inaxaplin, wanda a ƙaramin gwajin da aka wallafa a 2023 ya rage furotin a fitsari da kusan rabi. Idan ka rubuta APOL1 a Explorer za ka ga sel ɗin da yake aiki a cikinsu, amma hoton ba zai gaya maka nau'in da mai naman ya gada ba, balle abin da ke faruwa idan wannan gado ya haɗu da zazzaɓin cizon sauro na shekara da shekaru ko sikila. Akwai baƙaƙen fatar Amurka cikin mahalarta, kuma hakan yana da amfani gare mu, sai dai ruwan da suka sha da cututtukan da suka yi fama da su tun yarinta ba irin namu ba ne.

Sai Gashuwa. Duk wanda ya yi aiki a sashen wankin ƙoda a arewa maso gabas ya san yawan mutanen da ke zuwa daga Bade da Nguru da Jakusko da kwarin Haɗeja, da yawansu ba su da suga, ba su da daɗaɗɗen hawan jini. Ana ta bincike a kan ruwan sha da ƙarafa masu guba da magungunan gona da zafin rana, har gwamnatin Yobe ta shigo da cibiyar binciken lafiya ta BioRTC da ke Damaturu cikin aikin. A Siri Lanka da kuma tsakanin masu saran rake a El Salbado da Nikaraguwa, inda ake da irin wannan ciwo da ba a gama gano musabbabinsa ba, bayofsi ya nuna ɓarnar ta fi yawa a bututu da abin da ke kewaye da su. Wato daidai wurin da taswirar KPMP ta fi ƙarfi. Da za a samu naman mutanenmu tun ciwon bai yi nisa ba a auna shi ta wannan hanya, akwai ma'aunin da za a gwada shi da shi, a ga ko sel ɗin bututu suna nuna alamar guba ne ko ta ƙarancin jini ko wani abu dabam. Wannan ne amfanin taswirar mafi girma gare mu, kuma ba za mu same shi da kallon allo ba. Matsalar ita ce mutanenmu sukan iso asibiti ne bayan ƙoda ta riga ta shanye ta ƙanƙance, lokacin da soka allura haɗari ne kuma abin da za a ciro tabo ne zalla.

Akwai wasu wurare makamantansa da nake leƙawa. Kidney Interactive Transcriptomics na ɗakin binciken Humphreys ya fi sauƙi da saurin buɗewa, kuma yana da bayanan ɓera da yawa, abin da ke da amfani ga mai gwaji da dabbobi. CELLxGENE na gidauniyar Chan Zuckerberg yana ba ka damar kwatanta ƙoda da sauran gaɓoɓi. Mai sha'awar lufus, ciwon da garkuwar jiki ke afka wa jikin kansa, ya nemi aikin Arazi da abokansa na 2019, wanda ya rarrabe rukuni 21 na sel ɗin garkuwa a ƙodar masu wannan ciwo, domin ba nan KPMP ta sa gaba ba. Wanda kuma ya samu nasa bayanan zai iya loda su a manhajar Azimuth, ya gwada su da ma'aunin ƙoda da aka gina daga wannan aiki, ya samu sunayen sel ɗinsa ba tare da ya yi ta lalube ba. Inda KPMP ta fi su a wurina shi ne naman marasa lafiya ne na gaske, an ciro shi bisa ƙa'ida ɗaya a duk asibitocin, kuma akwai hoton gilashin da mai irin aikina zai iya dubawa ya haɗa da abin da ya saba gani.

Ga wa zan ba da shawararsa? Malamin da ke koyar da aikin ƙoda ko ilimin magunguna ya buɗe shi a aji, zai ga bambanci. Likita mai neman ƙwarewa da ke neman batun bincike ya fara duba ƙwayar gadon da yake tunani a kai a nan kafin ya kashe kuɗi a sayen sinadaran rini, domin sau da yawa zai tarar ba ta ma aiki a sel ɗin da yake zato. Majinyaci ko ɗan'uwansa da ke neman sanin me ke damunsa kuwa, ba wurinsa ba ne. Komai da Ingilishi yake, Ingilishin ma na masana, kuma babu abin da ke ciki da zai gaya wa mutum maganin da zai sha. Har yanzu kayan bincike ne, ba a yanke hukuncin magani da shi ko a Amurka.

Game da ko za mu iya yin irin wannan aiki da namanmu, hanyar sel mai rai tana buƙatar a sarrafa nama cikin gaggawa kusa da inda aka ciro shi, da na'ura da sinadarai masu tsada da ake saye da dala. Hanyar cibiyar sel ta fi kusa da mu, tunda daskararren nama take so, amma tana buƙatar firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili da wutar da ba ta yankewa, da busasshiyar ƙanƙara idan za a aika. Abin da ya fi ba ni fata shi ne hanyoyin da suka fito daga 2022 zuwa yau masu iya karanta RNA daga naman da aka kafe da fomalin aka binne cikin kakin farafin, irin tubalan da ke jere a kowane ɗakin gwajin nama a ƙasar nan. Ingancin abin da za a samu ya dogara da yadda aka kula da naman tun ranar farko. Don haka a ɗakinmu yanzu muna rubuta lokacin da aka ciro nama da lokacin da ya shiga fomalin, muna amfani da fomalin mai kashi 10 da aka daidaita tsaminsa, ba ma barin nama ya kwana biyu a ciki, tubalan kuma an ɗauke su daga ɗakin da rana ke duka. Idan naman da aka ciro bai wuce abin da zan yanke wa majinyaci hukunci da shi ba, ba na taɓa ko ɗan yanki don bincike, haƙƙinsa ne a gaba. Muna kuma rubuta takardar neman yarda da Hausar boko da ajami, mai bayyana cewa za a iya ajiye ragowar naman, za a iya aika shi wata ƙasa, za a iya karanta gadon mutum a ciki, kuma yana da damar ya ce a'a ba tare da hakan ya taɓa maganinsa ba. Takardar tana gaban kwamitin ɗa'ar bincike na asibitinmu, kuma sai sun amince za mu ajiye yanki na farko.